Kwana Huɗu a Kore

Kwana huɗu ke nan da guguwa ta ratsa tsibirin da mijin Cherilyn yake aiki, ba ta ji muryarsa ba. Waya ba ta shiga, jirgin ruwa ba ya zuwa. Abin da ya rage mata kawai shi ne wani ɗan koren ɗigo a kan allon ofis.

Aikinta ke nan a birnin Cebu, sa ido kan kwamfutocin kamfani da ke rassa sittin da biyu. Kowane minti na'urar sa ido tana kiran kowace da sunanta. Wadda ta amsa ta fito kore, wadda ta yi shiru ta fito ja. Rassan gabas duk sun yi ja tun safiyar Asabar. Na tsibiri ma, inda Jomar mijinta yake kula da injuna, ya yi ja na minti arba'in, sannan ya dawo kore.

A wajenta maganar a fili take. In kwamfuta tana amsawa, akwai wuta. In akwai wuta, wani yana zuba wa janareta mai. Wa kuwa zai zuba in ba Jomar ba? Har ma amsar ta fi ta kullum saurin zuwa, ita dai ba ta tsaya tambayar dalili ba.

Kullum da safe surukarta, wadda take ce wa Nanay, wato mama, sai ta kira.

"Nanay, har yanzu kore ne."

"Mun gode wa Allah. Na kunna masa kyandir a coci. Ke fa, kin ci abinci?"

"Na ci."

Ba ta ci ba. Ba yunwa, ba kuka, ba komai. Zama kawai take yi tana kallon ɗigon kamar mai jiran ruwa ya tafasa.

Shugaban sashensu, Berting, wanda kowa ke kira Manoy, wato yaya, mutum ne da baki ba ya hutawa. Da can in ya shigo sai ya ce, "Amaryar Jomar, yau ma busasshen kifin ne? Kin cika mana ofis da wari!" Yanzu kuwa burodi yake ajiye mata a gefen tebur ya wuce, idonsa a ƙasa.

Ranar Talata aka turo aiki daga hedkwata. Na'urar tana ɓatar da wasu rassa da aka sauya wa adireshi, saboda in tana neman suna, ɗan fayil ɗinta na cikin gida take fara dubawa kafin ta tambayi babbar rajistar kamfani, DNS. Aka ce a juya: rajista tukuna, sannan fayil.

"Bar shi, ni zan yi," in ji Manoy.

"Kalma biyu ce fa, Manoy."

"Na ce ki bar shi."

Bai taɓa yi mata tsawa ba sai ranar. Ya fita cin abincin rana. Ita kuwa hannunta na neman abin yi, don haka ta buɗe saitin, ta ɗauke kalmar baya ta mayar gaba, ta adana.

Rassa uku da suka ɓace suka fito kore. Minti ɗaya bayan nan, reshen tsibiri ya koma ja.

Ba ta firgita ba, ta ɗauka ita ta ɓata wani abu. Ta buɗe ɗan fayil ɗin ta bi shi layi-layi. A can ƙarshe ta ga sunan reshen tsibiri, amma adireshin da ke gabansa ba na tsibiri ba ne. Ta san lambar. Tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin Manoy ce, taku uku daga kujerarta. Duk kwana huɗun nan ita ce take amsawa da sunan tsibiri.

A saman layin akwai ɗan bayanin da Manoy ya bari, da kwanan watan Asabar: "Kada kowa ya goge wannan sai na samu ƙarfin gaya mata."