Hannu a Ƙirji

Da sassafe Sallau ya zauna a ɗakin aiki a Gusau, ya kifa kwalkwali, ya zura safar hannu. Nan take ya tsinci kansa a jikin mutum-mutumin da yake sarrafawa, a wata masana'antar ƙarfe can ƙetaren teku, inda babu injin da aka yi wa baki.

Mutum-mutumin da ke miƙo masa ƙarfe bai taɓa miƙowa da hagu ba, kuma in ya miƙo sai ya dafa ƙirji. Sallau ya san ɗan gida ne a ciki, shi ma sai ya dafa nasa. Tun rasuwar matarsa, wannan gaisuwar ce ke fito da shi daga gida.

Da aka tashi sallar azahar ya tari Turai, mai raba aiki.

"'Yata, wane ne abokin aikin nan nawa? Goro nake so in kai masa."

Ta ce, "Baba, ai babu kowa a ciki. Malam Ilu ne, ya rasu tun bara. Injin ya haddace aikinsa, sai aka bar shi."

"Har da gaisuwar?"

"Shi ina ya san bambancin aiki da gaisuwa? Duk ya kwashe."

Sallau ya koma ya kifa kwalkwali. Ƙarfe ya iso ta hannun dama, hannun ya koma ƙirji. Ya yi wa Ilu addu'a, sannan ya dafa ƙirjinsa a hankali, don nasa injin ya haddace da kyau.