Mai Ƙuli-ƙuli da Barcin Hantsi

Ke da kike kukan ɗanki ya daina barcin hantsi, har kina cewa ko baki aka yi masa, zauna ki ji abin da ya sami wata mai ƙuli-ƙuli. Matar nan tana da 'ya ƙarama guda, kuma duk sana'arta a kan barcin 'yar ta ɗora ta. Yarinyar kan yi barci sau biyu a yini. In ta kwanta da hantsi, uwar ta hura wuta ta soya gyaɗa. In ta kwanta bayan azahar, ta ɗora kasko ta soya ƙuli a tafasasshen mai. Duka biyun aikin wuta ne, ba a yin su da yaro a gindin murhu. Haka suke tafiya lafiya lau har yarinyar ta yi ƙafa, aka fara zancen yaye. Ran nan hantsi ya yi, aka shimfiɗe ta, sai ta tashi zaune tana wa uwar dariya. Kashegari ma haka. Uwar ta ji haushi ƙwarai, don a ganinta rashin ji ne ya fara tsiro wa yarinya, ga gyaɗa a kwano tana jira.

To, ta san tun 'yar tana jaririya ba abin da ke sa ta barci kamar a goye ta ana daka. Sai ta yi dabara. Hantsi na yi ta goya ta, ta ɗaure majanyi tam, ta jawo turmi ta kama daka, alhali ko ƙwayar gero babu a ciki. Tana kirɓar iska gumi na zuba, 'yar na baya tana jan ɗankwali tana harba ƙafa, sai rana ta kusa take tsaka gajiya ta kayar da 'yar. Uwar ta sauke ta, ta soya gyaɗarta, tana ganin ta yi nasara. Abin da ba ta lura ba, barcin bayan azahar ne yarinyar ta yi da wuri. Saboda haka lokacin da kasko ya hau wuta, idon 'yar biyu tarwai, tana yawo a tsakar gida. Wata la'asar mai na tafasa, uwar ta juya ɗauko matsami, tana waiwayowa ta ga 'yar ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙulin da ke yawo a cikin man. Ta fizgo ta, nata hannun ya bugi bakin kasko ya ƙone. Yarinyar ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma uwar ta zauna daɓas a ƙasa, ta rungume ta tana kuka. Tsoron da ta ji ran nan ya fi zafin ƙunar.

Wata tsohuwa maƙwabciyarta ta shigo da zuma ta shafa mata. Tana shafawa ta ce, "Na kwana biyu ina jin dakanki ta kan katanga, 'yar nan. Turmin da ke da hatsi ba haka yake kuka ba." Mai ƙuli ta sunkuyar da kai don kunya, ta ce, "Iya, ta ƙi barci ne, ni kuma aiki ya tsaya." Tsohuwa ta ce, "Ba ƙi ta yi ba, girma ta yi. Barci ɗaya ya rage mata da rana, sai ki ajiye shi inda kika fi bukatarsa."

Ba a yini ɗaya abin ya daidaita ba, don yaro ba ya sakin sabo da sauri. Rana ba ta kai tsaka ba yarinyar za ta fara gyangyaɗi da ƙananan koke-koke. Uwar ba ta hana ta da ƙarfi ba. Inuwar rumbu ta riƙa dubawa, duk bayan 'yan kwanaki sai ta bari inuwar ta ƙara tsukewa kaɗan kafin ta ba 'yar abinci ta shimfiɗe ta. Lokacin safe ta mayar da shi na aikin da ba wuta, ɓarar gyaɗa da tsinta, 'yar na gefe da nata ɗan faifai tana juya ɓawo kamar wata babbar ma'aikaciya. Ran da gajiya ta yi mata yawa, ta bar ta ta ɗan runtsa a baya ba faɗa, da magariba ta wuce kuma ta kwantar da ita da wuri. Suyar gyaɗa ta koma da ita bayan sallar asuba, kafin 'yar ta farka. Masu zuwa sayen ƙuli da zafinsa suka yi ta mita an sauya musu lokaci, wasu ma suka koma wani gidan, ta bar su suka tafi. A hankali barcin yarinyar ya dunƙule wuri guda, mai tsawo da nauyi, daga azahar har kusan la'asar, kuma a cikinsa kaɗai kaskon mai ke hawa wuta.

Tabon nan yana hannunta har ta tsufa. In an tambaye ta, sai ta ce ladan dakan turmin wofi ne. Ba a banza Hausawa suka ce, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza ba.