Muryar Carlie Tana Ɗaukewa

Karo na uku ke nan Noeleen ta ɗora kwamfutar a kan teburin Desley, cikin jakar zuwa kasuwa, naɗe da tawul kamar jaririya.

"Ta sake, 'yar nan. Muna tsaka da magana sai ɗif. Bakin 'yata Carlie na motsi, ba na jin komai."

Shekara goma sha huɗu Desley tana gyaran kwamfuta a Mount Isa, garin haƙar ma'adinai a ƙasar Ostireliya. Ta ga waɗanda ƙurar ma'adinai ta toshe da waɗanda zafin mota ya narkar. Sauti mai zuwa yana ɗaukewa kuwa, yawanci laifin direba ne, ƙaramar manhajar da ke isar da saƙo tsakanin kwamfuta da lasifikarta. Noeleen ma da kalmar ta zo tun ranar farko, rubuce a bayan ambulan. Surukinta Garth ne ya faɗa mata a waya, shi da ya saya mata kwamfutar.

A zuwan farko Desley ta cire direban ta saka sabo. A na biyu ta mayar da tsohon, ta kashe tsarin tanadin batir, ta kunna waƙa awa shida a shagon, ko sau ɗaya ba ta yanke ba.

Carlie ita kaɗai ce 'yar Noeleen. Tana aure a wata gonar shanu, tafiyar awa biyar a hanyar burji. Rabonta da gari tun jana'izar mahaifinta bara, ita ma ranar Garth ya juya da ita kafin a gama shan shayi, wai shanu ba sa jira. Abin da ya rage wa Noeleen shi ne kiran bidiyo, duk Laraba ƙarfe huɗu na yamma. Garth ne ya zaɓi lokacin. Ya ce a sa'ar yana daji yana duba rijiyoyin shanu, sai su sake su yi hirarsu ta uwa da 'ya.

"Yaron kirki ne," in ji Noeleen. "Duk sanda ta ɗauke sai ya kira ni washegari ya ba ni haƙuri. Ya ce in kin kasa, in kai wa wanda ya iya."

"Ya kyauta," Desley ta ce, ba ta ɗago ba. "Yau Laraba ce. Zauna, a nan za ki yi kiran."

Ta ba ta kujera ƙarƙashin fanka, ta kunna manhajar da ke naɗar duk abin da ya bayyana a allo, ta koma gefe inda kyamara ba ta kai.

Huɗu daidai Carlie ta bayyana. Tana zaune a kicin, bayanta kabad mai ƙofar gilashi cike da farantai. Ta rame fiye da yadda take a hoton da Noeleen ke yawo da shi a jaka. Rediyo ya ce zafin ranar ya kai digiri arba'in da biyu, amma rigarta mai dogon hannu ce, a maɓalle har wuya. Ta riƙe kofin shayi da hannu biyu.

Suka yi maganar ruwan da ya ƙi zuwa, da gwiwar Noeleen, da karen maƙwabta da ya tone mata lambu. Sautin tangaran. Desley ta fara tunanin yau ma a banza za ta zauna.

Sai Noeleen ta ce ta gyara wa Carlie tsohon ɗakinta, ko za ta zo Kirsimeti ta kwana biyu.

Carlie ta dubi kofin. "Mama, da ma akwai abin da nake so in..."

Ɗif.

Leɓenta ya ci gaba da motsi kaɗan, sannan ya tsaya. Noeleen ta shiga bubbuga gefen kwamfutar. Desley ta miƙa hannu ta danna maɓallin ƙara sauti, lasifikar ta yi ƙararta raɗau. Ta duba direban, lafiya lau, babu alamar gargaɗi. Hoton ma bai tsaya ba, tururin shayin yana ta tashi.

Bayan kusan minti guda muryar ta dawo.

"Kwamfutarki ce kuma, Mama," Carlie ta ce, da ɗan murmushi. "Ba komai, na manta abin da zan faɗa. Kirsimeti aiki zai yi mana yawa."

Sau biyu ya ƙara ɗaukewa kafin su yi sallama: da Noeleen ta tambayi dalilin da ya sa wayar Carlie kullum a kashe, da kuma sanda ta ce za ta nemi mai kai ta gonar.

"Kin gani da idonki," in ji Noeleen, tana goge ido da gefen tawul. "Ko dai in sayi sabuwa?"

"Ɗan tsaya tukuna."

Desley ta buɗe abin da ta naɗa, ta kai shi wurin yankewar farko. Ta zaci za ta ga Carlie ta taɓa wani abu bisa kuskure, amma hannayenta biyu ba su bar kofin ba. Ta mayar baya, ta rage gudu, ta ƙara haske, ta faɗaɗa gilashin kabad ɗin har ya cika allon. Noeleen ta gyara tabarau ta matso kusa da kafaɗarta.

A cikin gilashin, a ɗaya ɓangaren teburin inda kyamara ba ta gani, Garth ne zaune yana fuskantar matarsa, ya zagayo da hannu ta gefen kwamfutar Carlie, yatsansa a kan maɓallin kashe murya.