Ƙayar Aduwa

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kiran sunana, ko dubana ba ta yi. Haka kunya take a rugarmu ta bayan Dangoma, tun Turawa ba su tafi ba. Kullum da la'asar takan tara ƙannena a tabarma ta saurari shirmen kowa, ni kuwa ina raɓe jikin rumbu.

Ran nan na dawo kiwo da ƙayar aduwa a dunduniya. Kakata mai kula da ni ta tafi kasuwar Kalgo da ƙannena. Inna ta waiga, ta ga ba kowa, ta ɗauko allura, ta ɗora ƙafata a cinyarta. Zanenta sai ƙanshin man shanu.

"Kai wannan," ta ce, "wace saniya ta fi wahal da kai?"

Na shiga zuba, ina roƙon Allah kada ƙayar ta fita. Ko rabi ban kai ba ta fita.

Daminar nan kaf na yi ta bin gindin aduwa ba takalmi. Kaka ce ta cire sauran duka.

Yau ga ni da furfura, ban ƙarasa wa Inna labarin saniyar nan ba.