Muryar da Janareto Ya Danne

Isyaku na goge kan tsohuwar na'urar bidiyo da auduga, kamar kowace safiya, sai Shafa'atu ta yi sallama a shagonsa na Funtua. Kaset ɗin bikinta da marigayi mijinta ta kawo tun kwanakin baya a juye mata cikin waya, yau ta zo karɓa. Tun da ta fita takaba Isyaku ke neman aurenta, ita kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ya kunna mata. Hoton da danshin damina ya cinye ya washe, fuskoki suka dawo. Daga ƙarƙashin kiɗan kalangu wata murya ta taso tar, tana dariya, tana kiran sunanta.

Ta dafa benci. "Malam Isyaku, da can ba a jin wannan."

"Ƙarar janareto ce ta danne ta. Na rage, na ɗago ta."

"Ka san muryar wa ce?"

"Na sani. Ta marigayi ce." Ya sunkuyar da kai. "Na ga za ki so ta."

Ta dube shi, sannan ta gyara mayafinta.

"Maganar nan taka, ka kai wa Baffana a Kafur. Bayan la'asar, da safe yana gona."

Ta ɗauki wayarta ta fita.