Ranar da Injin Ya Yi Shiru

Tsohon ya kafa bakin sandarsa a jikin injin, ya manna ɗaya bakin a kunnensa, kamar yadda ya saba shekara goma sha ɗaya a masana'antarmu ta kudancin Jamus. Aikinsa ke nan, sauraro. Injin dizal ya daɗe yana jan jirgin ruwa, mu kuwa so muke ya ƙanƙance ya shiga mota da tarakta, amma sai bugu yake kamar ana dukan ƙarfe a maƙera. Duk gyaran da muka yi, tsohon ke yanke hukunci. "Da saura, samari," sai mu sake kwancewa.

Ran nan da hantsi ya jima bai ɗago ba. Da ya ɗago, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Bugun ya tafi," in ji shi. "Ku kira maigida, a sayo giya."

Na ce, "Baba, sake saurarawa dai."

Bai juyo ba. Ya shafa injin kamar mai lallashin doki. "Na faɗa wa matata ba zan mutu ba sai na ji shi yana numfashi a hankali. Ko jariri ka kwantar a nan ba zai farka ba."

Muka dubi juna. Gilasan taga na karkarwa saboda bugun injin, kofin wani na tafiya da kansa a kan tebur. Na tsaya bayansa, na kira sunansa da iyakar ƙarfina har sau uku.

Ko ɗaya bai ji ba. Yana ta murmushi, sandar na kunnensa.