Kwanon Iya Laraba

Tun da aka sallami Sallau daga masaƙa, gwamnati ta sa shi cikin masu karɓar tallafin rashin aiki, ta kuma maƙala wata 'yar koriyar fitila mai ido a saman ƙofarsa. Doka ce: duk gidan da abincin wani ya shiga, yana da mai taimakonsa ke nan, sai a yanke masa tallafi.

Tallafin wannan watan bai zo ba. Tun shekaranjiya ba a ɗora tukunya ba.

Da azahar Iya Laraba, maƙwabciyarsu, ta yi sallama riƙe da kwano.

"Sallau, ga ɗan dambu, a ba yara."

Ya tare ta a bakin zaure. Fitilar ta koma ja.

"Iya, don Allah kada ki tsallako."

"Ni? Ni da na yi wa uwarka wankan jegonka?"

"Na sani, Iya. In kwanon nan ya shiga, sun cire ni."

"To su da suka hana, sun kawo nasu ne?"

"Wai ana kan tantancewa."

Ƙamshin zogale da man gyaɗa ya cika zauren. Ya ji autarsa a ciki tana tambaya ko an sauke ne.

"To turo su nan waje su ci."

"Har wajen take gani, Iya."

Tsohuwar ta rufe kwanon da faifai, ta juya ta tafi. Sallau ya ɗaga kai, ya ga fitilar ta koma koriya, sai ya ji bakinsa yana cewa alhamdu lillahi.